Hannun Ango Babu Amarya

Maganar da ta hana Sodangi sukuni ba daga bakin Sakina ta fito ba. Gwaggonta Rabi'atu ce ta yi ta, kuma a gaban mutane.

Ran Litinin ne bayan la'asar. Ya zo ƙofar gidan Alhaji Jibirin, mahaifin Sakina, kamar yadda ya saba shekara biyu ke nan, Sakina ta fito masa da shayi a 'yar siniya, wato tire, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin. Gwaggo Rabi'atu tana zaune kan angarib, gadon igiya, a bakin zaure tana yanka kuɓewar shanya. Ta ajiye wuƙar, ta ƙura wa hannun nan ido.

"Sakina, wannan hannun mutum ne ko saiwar bagaruwa?"

"Haba Gwaggo."

"Tambaya na yi, ban zagi kowa ba. Dubi farce, laka ta yi gida a ciki har ta haihu. Dubi faso, kamar ƙasar gona in an ɗauke mata ruwa. Da wannan zai tsoma a siniyar yayana ran Juma'a? To wa zai ci bayansa?"

Wasu mata biyu da ke wucewa da garwar ruwa a ka suka kwashe da dariya. Sodangi ya janye hannun ya cusa cikin aljihun jallabiya. Shayin ma bai sha ba.

To 'ya'yana, bari in ɗan koma baya kada in bar ku a duhu. Wajen shekarar alif ɗari tara da sittin da biyar ne, a ƙauyenmu na kusa da Hasahisa. Alhaji Jibirin mai hawasha ne, wato gonar ban-ruwa da hukumar Jazira ke ba mutum ya noma auduga da dawa, kuma a zamanin nan mai hawasha shi ne mutum. Kakanninsa da ayarin Sakkwatawa suka zo. Sodangi kuwa ɗan kambo ne, bukkokin leburorin nan da ke bayan tur'a, babbar hanyar ruwa. Mahaifinsa ya taso daga Gobir tare da uwarsa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, nan ya yi aure, nan aka binne shi da matar. Suka bar yaron hannun kakarsa Hannatu, wadda kowa ke ce wa Habboba. Ba shi da taƙi ɗaya na ƙasa. Hawashar mutane yake yi wa aiki.

Sakina tana sonsa, wannan ko jaririn ƙauyen ya sani. Amma Gwaggo Rabi'atu tana da nata ɗan takara, Mahadi, ɗan aminiyarta, magatakarda a wurin gurzar auduga na Hasahisa. Mahadi yana da keke, yana da agogo, yana kuma da wani dogon farce a ɗan yatsan hagu wanda yake kiwo kamar akuya, don duk wanda ya gani ya san fartanya ba ta san hannunsa ba.

Da surutu ya ishi Alhaji sai ya yanke magana. Ya ce ran Juma'a in an sauko daga masallaci su biyun su zo su ci abinci siniya ɗaya da shi. In aka ɗauke siniya zai faɗi wanda ya ba.

Kwana huɗu ke nan suka rage.

Daga ƙofar gidan Sodangi bai tsaya ko'ina ba sai bakin tur'a. Ya zauna ya baje hannuwan a gwiwa yana kallo kamar yau aka ba shi aronsu. Shekara ashirin da shida yana tare da su, bai taɓa tsayawa ya dube su ba. Gaskiyar Gwaggo ce. Ƙaiƙayin auduga ya tsattsage gefen kowane farce, sanyi ya farfasa tafin, laka ta shiga tsagar ta zauna. Ya tuna yadda Sakina ta sunkuyar da kai. Kunya ce ta ji, ko haushin gwaggonta? Ya rasa wanne.

Da sassafe ran Talata ya hau lori zuwa bakin kogi, ya shiga bantun, jirgin fito, ya haye Rufa'a. Bai gaya wa kowa ba, don me zai ce? Ya ce zai tafi gyaran hannu?

A kasuwar Rufa'a akwai wani wanzami, Audi, mai aski da yankan farce ƙarƙashin rumfar kara. Audi ya kama hannun ya juya, ya sake juyawa, ya yi tsaki.

"Ya zol, bawan Allah, kai da kada kuka yi kokawa?"

"Neman aure nake."

"To sai ka faɗa mini tun farko. Zauna."

Ya jiƙa hannuwan cikin ruwan ɗumi da lemo, ya ɗauko aska ya shiga sassaƙa. Ya bi ƙarƙashin kowane farce da tsinke, ya goge tafin da dutsen kaushi har Sodangi ya cije leɓe. Da ya zo kan ɗan yatsan hagu sai ya tsallake.

"Wannan bar shi za mu yi ya yi tsawo. Haka 'yan ofis ke yi."

Wani tsohon malami da ke jiran aski ya ɗago kai. "Wane irin bari? Farce ba ya wuce kwana arba'in. Yanke masa."

"Malam, aure yake nema, ba limanci ba."

"In uban yarinyar mai salla ne, da farcen nan zai kore shi."

Wani Balarabe mai sayar da albasa a rumfar gefe ya leƙo ya ce duk ba wannan ba, man riɗi zai shafa ya kwana da shi. Mai shayi ta ce kitsen rago ya fi. Malamin ya ce zaitun. Sodangi yana zaune da hannu cikin kwano, duk wanda ya yi magana sai ya juya ya ce masa gaskiya ne. Audi ya tambaye shi, a yanke ko a bari? Ya ce a bari. Malamin ya yi gyaran murya, sai Sodangi ya ce a yanke. Ƙarshe dai Audi ya yanke rabi don kowa ya huta.

Da zai tafi Audi ya zaro wata 'yar kwalba daga zabira.

"Mahalabiyya ce, man ƙamshi. Ka shafa safe da rana da yamma, kada ka yi mata rowa. Fata ta yi laushi, ga ƙamshi. Amma fason nan ba ni da maganinsa cikin kwana uku, sai Allah."

Sodangi ya ji ba zai kyautu ya shiga Rufa'a bai gaida kawunsa Ɗanjuma ba. Kawun ya riƙe shi hira har bantun na ƙarshe ya tashi, dole ya kwana. Ku riƙe wannan, don zai dawo. Kawu Ɗanjuma yana da 'ya budurwa, Hauwa, kuma tun suna yara mutanen kambo ke cewa ita aka ajiye wa Sodangi.

Ran Laraba da hantsi ya iso kambo, hannu sharkaf da mahalabiyya, don ko a cikin lori sai da ya ƙara. Habboba tana rakuba, 'yar rumfar ƙofar bukka, ta lulluɓe da tsohon bargo, mura ta toshe mata hanci kwana uku.

"Mijin nawa, ina ka kwana? Kishiya ka je yi mini?"

Ya gaya mata komai. Ta jawo hannun kusa da idonta, don ganinta ya yi rauni, ta shafa tsagar da babban yatsa.

"Akaifar ta yi kyau. Amma fason nan ko makaho ya gan shi. Ja'iri, ka bar magani a gida ka haye kogi. Lalle ke rufe faso. Haka muke yi wa kakanka a Gobir in sanyi ya kama."

"Habboba, lalle? Ni namiji?"

"Wa ya ce za a bari ya kama? Daidai dahuwar shayi, sai a wanke. Ko alama ba za a gani ba, sai ɗan ruwan goro da zai fita da wanka biyu."

Nan ne fa abin ya lalace. Duk macen da ta taɓa zuwa bikin Larabawa ta san mahalabiyya ita ce uwar kamun lalle. Ita ake shafa wa ango kafin a sa masa, don ya yi duhu ya zauna. Habboba ta sani sarai, amma hancinta a toshe, ba ta ji ƙamshin ba. Sodangi yana jin ƙamshin, amma ya tashi gidan da babu yaya mace babu ƙanwa, bai san abin da take yi ba. Audi kuwa bai san za a sa lalle ba. Kowa da rabin saninsa, ba wanda ya haɗa su.

Ta kwaɓa lallen da kauri, ta cika masa tafi biyu, ta bi yatsun har farce, ta naɗe da tsumma. Ya kishingiɗa a angarib yana jiran dahuwar shayi. Gajiyar hanya ta ɗauke shi. Ita ma maganin murar da ta sha ya kwantar da ita a zaune.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe su.

Ya kwance tsumman ya zuba ruwa. Ya sake zubawa. Ya goga da yashi.

"Habboba, wannan ne ruwan goron?"

Ta kai hannun bakin hancinta, ta mayar bakin idonta, ta fita da shi rana.

"Ikon Allah. Ni dai ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ko lallen ƙasar nan ya fi namu zuciya?"

Hannuwan nan sun yi jawur har sun doshi baƙi, tafi da yatsu da farata goma. A wajenmu in an yi biki, abokan ango hannu ɗaya suke sa wa lalle. Hannu biyu na ango ne shi kaɗai.

Ran Alhamis bai je aiki ba, bai je masallaci ba. Ya gwada toka, ya gwada lemo, ya gwada sabulu da soso, har kananzir ɗin fitila. Da ya wanke sai ya tuna Audi ya ce kada a yi wa mahalabiyya rowa, ya sake shafawa, ko za ta tausasa launin ya fita. Kamar ana zuga shi, lallen sai ƙara duhu yake.

Da yamma ya lallaɓa can ƙasan tur'a inda mutane ba su cika zuwa ba, ya tattare jallabiya ya shiga ruwa har gwiwa, yana dirzar hannu da laka. Bai ji takun kowa ba sai murya.

"Yaya Sodangi."

Sakina ce da garwa. Kwana uku ba ta gan shi ba, ta yi ta canza mashaya ko Allah zai sa. Ya tura hannuwan cikin ruwa har wuyan hannu ya tsaya a duƙe.

"Ina ka shiga? Maganar Gwaggo ce ta kore ka? Wallahi tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ni ban taɓa ganin aibun hannunka ba."

"Na sani."

"To miƙe mana. Me kake nema a ruwa?"

"Ba komai. Kifi."

"Kifi a tur'a da hannu? Ɗora mini garwar nan in na cika."

Ya duba gabas ya duba yamma, ba mafita. Ya ciro hannuwan a hankali.

Garwar ta suɓuce ta gangara cikin ruwa. Sakina ba ta bi ta ba. Ta dubi na dama, ta dubi na hagu.

"Bikin wa aka yi?"

"Ba a yi biki ba."

"Hannu biyu, Sodangi."

"Magani ne. Na faso."

"Ina ka je ran Talata?"

"Rufa'a."

"Ina ka kwana?"

"Gidan Kawu Ɗanjuma. Amma ba..."

"Hauwa tana nan?"

"Tana nan. Ita ta kawo mini abinci ma. Sakina, tsaya ki ji, wanzami ne ya..."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Iska ta kaɗo mata ƙamshin.

"Har mahalabiyya. Ina jinta daga nan. Shekara biyu ina tsaye gaban Gwaggo saboda kai. An ce mini ɗan kambo ne, na ce na ji. An ce ba shi da ƙasa, na ce na gani. An ce akwai ta Rufa'a da aka ajiye masa, na rantse da Alƙur'ani ƙarya ne. Magana ɗaya aka gaya maka ranar Litinin, ɗaya tak, sai ka haye kogi ka ɗauro aure? Ko ka bari Juma'ar ta zo a hana ka tukuna?"

"Wallahi ban yi aure ba. Habboba ce ta sa mini. Ki tambaye ta."

"Wa zai sa wa jika lallen aure in ba kakarsa ba?"

"Ba na aure ba ne, barci ne ya ɗauke mu."

"Barci."

"Ni da ita. Daidai dahuwar shayi ta ce."

Shi kansa da ya ji maganar tana fita daga bakinsa ya san ba ta da kai ba ta da ƙafa. Sakina ta toshe baki da gefen mayafi tana shessheƙa.

"Da ka zo ka ce mini ka gaji, da na yafe maka. Amma ka tsaya cikin ruwa da hannun ango kana ce mini kifi. Gobe me zan ce wa Baba? Da wane ido zan dubi Gwaggo?"

"In zo goben?"

"Ka tambayi amaryarka."

Ta juya ta tafi, ta bar garwar. Ya tsamo ta ya rungume, ya daɗe tsaye cikin ruwa bai san inda zai kai ta ba.

Ran Juma'a ya sa wankakkiyar jallabiyarsa, ya cire, ya sake sawa. In ya je, ga hannu. In bai je ba, ya tabbatar da maganar da kansa. Habboba ta ce ya naɗe su ya ce ƙuna ce. Ya ce ƙarya a gidan Alhaji ran Juma'a? Ta ce to ya ce gaskiya. Ya ce jiya ya faɗi gaskiya, ga abin da ta jawo. Ƙarshe ya yafa mayafi a kafaɗa ya ɓoye hannuwan ciki, ya yi salla a sahun baya, ya bi bayan mutane zuwa gidan.

An shimfiɗa tabarma a rakubar tsakar gida, jikin zanar da ta raba wajen maza da na mata. Alhaji Jibirin yana zaune da amininsa Liman Alhasan. Mahadi ya riga shi zuwa, ya jingine keke inda kowa zai gani, ya ɗora hannun hagu a gwiwa, farcen nan yana sheƙi. Sodangi ya tuɓe takalmi ya yi sallama da baki, ya durƙusa daga nesa don kada a miƙo masa hannu. Ya naɗe ƙafafu ya ja jallabiya ya rufe.

Aka turo siniya ta ƙarƙashin zana, kisira, siririyar wainar dawa, an jera ta ninki ninki, ga mula, miyar kuɓewa da nama. Alhaji ya ɗauki buta da tasa da kansa, don haka yake girmama baƙo. Ya zuba wa Liman, ya zuba wa Mahadi, ya tsaya gaban Sodangi.

"Bismilla, ɗana."

"Baba Alhaji, na ƙoshi."

"A gidana? Kawo hannu."

"Azumi..." Sai ya tuna gaban liman yake. Ya haɗiye sauran.

Alhaji bai motsa ba, butar tana karkace. Sodangi ya rufe ido ya fito da su.

Ruwan da ya fara zuba ya tsaya. Daga bayan zana, inda mata suka liƙa ido a tsaga, muryar Gwaggo Rabi'atu ta taso.

"Yaya, ka gani ko? Jiya yarinyar nan ta dawo ba garwa, ido kamar gauta, ta ƙi faɗa. Ango ne ya zo mana cin abinci. Ko kwana uku bai yi a ɗakin amarya ba ya zo neman ta biyu. Wannan wulaƙanci har ina?"

Alhaji ya ajiye butar a hankali.

"Sodangi, aure ka yi?"

"A'a, Baba Alhaji."

"To mene ne wannan?"

Ya buɗe baki, wanzami da malami da mai albasa da Habboba da dahuwar shayi duk suka taso masa lokaci ɗaya, ya rasa wanda zai fara kamawa. Kafin ya zaɓa Mahadi ya gyara zama.

"Alhaji, da ban so in yi magana ba, kada a ce kishi ne. Amma ran Talata aiki ya kai ni Rufa'a. Na bi ta ƙofar gidan Ɗanjuma, mata cike ana guɗa. Da idona na gan shi kan angarib, hannu da ƙafa cikin lalle."

Sodangi ya dube shi baki sake. Har wani tunani ya gifta masa, ko dai an yi wani abu yana barci a gidan Kawu? Ya girgiza kai. Ya ga dai ba mai yarda da shi a wurin nan, ya miƙe tsaye.

"Baba Alhaji, ku yafe ni. Bari in tafi."

Ya taka zuwa bakin tabarma inda takalminsa yake, dab da zana.

"Baba."

Muryar Sakina ce, a dishe saboda kuka.

"Ke, ba a sa da ke ba," in ji Gwaggo.

"Baba, ku dubi ƙafarsa. Ina ganinta ta ƙasan zana."

Kowa ya sauke ido. Ƙafafun nan fari fat da kaushi, diddige a farfashe, faratan kamar ɓawon gyaɗa. Ko ɗigon lalle babu. Jiya suna cikin ruwan tur'a, shi ya sa ba ta gani ba.

Liman Alhasan ya shafa gemu. "Shekara talatin ina ɗaura aure. Ban taɓa ganin angon da aka yi wa hannu aka manta ƙafa ba."

"Dawo ka zauna," in ji Alhaji. "Fara daga farko. Kada ka yi sauri."

Ya fara daga saiwar bagaruwa. Ya bi ta kan bantun, da Audi, da farcen da aka yanke rabi, har ya ɗaga ɗan yatsan ya nuna. Da ya zo kan murar Habboba da mahalabiyya, wata tsohuwa a bayan zana ta ce, "Wayyo, mahalabiyya kafin lalle," matan suka fashe. Liman ya yi ta dariya har yana share ido da gefen rawani. Alhaji dai bai yi ba. Ya kamo hannun ya shinshina.

"Har da kananzir."

"Na fitila ne."

Alhaji ya buɗe nasa tafin ya ajiye kusa da na Sodangi. Tsaga iri ɗaya, a wuri ɗaya, inda ƙotar fartanya ke zama.

"Rabi'atu, da wannan nake tsomawa a siniya shekara arba'in. Ban ga kin ƙi cin saura ba."

Gwaggo ta ja da baya daga tsagar zana.

Ya juya wajen Mahadi. "Ci abinci, ɗana, kada ya huce. In ka koma ka gaida mahaifiyarka da kyau. Idonka ya ga lalle a ƙafar da babu. Ina tsoron abin da zai gani a ɗakin 'yata."

Mahadi ya ce wataƙila wani ne mai kama da shi. Ya ci loma biyu ya ce ana jiransa a Hasahisa.

Da aka ɗauke siniya Alhaji ya sake kamo hannun Sodangi, ya danna farcen babban yatsa.

"Na fata zai tafi cikin mako uku. Na farce ba ya wankuwa, sai dai ya tsiro a yanke, wata huɗu ko biyar. Rabin masallaci sun ga hannun nan yau, ko ka ɓoye. Ba za a ɗora lallen 'yata kan wani lalle ba, a zo ana cewa saura ta samu. Ranar da ka yanke jan ƙarshe, ka turo kawunka Ɗanjuma da kansa, kowa ya gan shi. Kafin nan akwai cirar auduga a hawashata."

Sodangi ya dubi Liman, ya dubi zana, ya dubi farcen.

"Baba Alhaji, ku gafarce ni. An ba ni ne, ko an hana ni?"

"Liman, gaya masa. Ni na gaji."

"An ba ka, shashasha. Tashi ka yi godiya."

A bakin zaure, yana ƙoƙarin sa takalmin hagu a ƙafar dama, ya ji motsi bayan danga.

"Yaya Sodangi."

"Na'am."

"Garwata."

"Tana wajena. Gobe in kawo."

Ta ce a hankali, "An ce madara tana sa farce saurin tsirowa."

"Wa ya ce?"

"Ban sani ba. Ka dai sha."

Ya iso kambo rana ta yi sanyi. Habboba tana rakuba, murar ta sake ta, ga ƙwarya a gabanta tana juyawa da tsinke. Ya zayyana mata komai tana gyaɗa kai, har ta yi 'yar guɗarta ta tsofaffi. Sannan ta jawo hannun ta shafa tafin.

"Ka gani? Fason ya rufe, sai 'yar tsaga biyu. Ban ce maka ba? Kawo in ƙara maka kaɗan, ga shi na kwaɓa. Wannan karon ba zan yi barci ba."

Sodangi ya dubi ƙwaryar, ya dubi faratansa goma. Ya mayar da hannuwan bayansa, ya ja da baya har ya bangaji turken rakuba.

"Habboba, don girman Allah, madara za ki nemo mini."